Kyamarar Mama Rifkatu

Abin da na fara lura da shi a Japan kare ne. Ɗan ƙarami ne mai dogayen kunnuwa, an sa masa riga kamar ma'aikaci. Ya bi layin akwatuna yana shinshinawa, da ya iso kan namu sai ya zauna ya ɗaga kai yana kallon matar da ke riƙe da igiyarsa. Abba ya ja da baya yana tattare bakin rigarsa. Aka kai mu wani teburi aka buɗe akwatin, aka ciro robar dambun naman da Umma ta kwana biyu tana yi mana. Ashe ba a shiga ƙasar da nama ko wane iri ne. Jami'in ya yi ta ba mu haƙuri yana rusunawa, har na fara jin kamar mu ne muka ƙwace masa abinci. Ya bar mana yaji. Ni dai hannuna na kan jakar da na rataya a gaba, ina addu'a kada a ce a buɗe ta ita ma, domin a ciki kyamarar Mama Rifkatu take, naɗe cikin tsohon ɗankwali.

Mama Rifkatu ba danginmu ba ce. Nas ce da ta yi ritaya, 'yar kudancin Kaduna, tana zaune a Birmingham tun kafin a haife ni. Lokacin da Abba ya kawo mu Ingila don karatunsa, ina da shekara tara, a falonta muka yi sati biyar kafin mu samu gida a Longsight, wata unguwa a Manchester. Ita ta raka Umma rajistar GP, wato likitan unguwa, ita ta saya mini rigar sanyi ta farko. Ranar Lahadi in za ta coci takan bar mana miya a tukunya, ta ce naman daga shagon halal yake, mu ci hankali kwance. Ƙawata take ce mini, wai don ni kaɗai ke iya zama kusa da ita awa guda ban cika mata kunne ba.

Kyamarar ta mijinta ce, Baba Ishaya, wanda ya rasu tun kafin wayoyi su fara ɗaukar bidiyo. Irin ta dā ce mai cin ɗan ƙaramin kaset. Kaset ɗaya ya rage mata, na wata Kirsimeti da suka yi a gida Najeriya, takan jona kyamarar da talabijin ta kalla. A sanyin bara kyamarar ta tsaya cak da kaset ɗin a cikinta, murfin ya ƙi buɗuwa. Masu gyara uku a Birmingham da ɗaya a titin Stockport na Manchester duk magana ɗaya suka yi: babu kayanta yanzu, sai dai a fasa. Da ta ji Abba zai je taron masu bincike a Tokyo, kuma zai tafi da ni saboda ya dace da half term, hutun tsakiyar zangon karatu, sai ta hau mota da kanta ta zo Manchester. Ta kifa kyamarar ta nuna mana rubutun da ke ƙasanta, mai cewa a Japan aka ƙera ta.

"Can aka haife ta. Ku mayar da ita garinsu, su suka san ciwonta," in ji ta. Abba ya miƙa hannu, sai ta tsallake shi ta ɗora mini a cinya. "Dokta kansa na cikin takardu, zai manta ta a jirgi. Ƙawata, ban damu da kyamarar ba. Kaset ɗin nake so ya fito lafiya."

Kwana ukun farko a Tokyo ban ga komai ba sai bango. Ɗakinmu na otal in aka buɗe akwati babu wurin taka ƙafa. Da safe mu hau jirgin ƙasa cike da mutane amma shiru kamar ɗakin jarrabawa, mu sauka a jami'ar da ake taron. Abba ya shige zaure, ni kuma in zauna a kujerar da ke baranda da littafi a hannu. Barci yakan kama ni da tsakar rana, nauyi kamar an danne ni da katifa, don jikina bai yarda ya bar agogon Manchester ba. Abinci kuwa sai mun haska waya a kan kowace leda ta fassara mana abin da ke ciki, kuma kusan kullum sai an ga wata kalma da Abba bai yarda da ita ba, a mayar. Muka tsaya a kan dunƙulen shinkafa, dafaffen ƙwai da ayaba. Ina barbaɗa yajin Umma a kan shinkafa mai sanyi, ƙamshinsa ya sa in ji kamar in yi kuka. A rana ta biyu wata tsohuwa mai goge ƙasa ta tsaya a gabana, ta laluba aljihu ta ajiye mini alewa biyu a hannun kujera ta wuce. Na haska su da waya, ban gane abin da ta fassara ba, na sa su a jaka.

Rana ta huɗu da azahar aka tashi daga taron. Washegari da safe jirginmu zai tashi, ke nan yammacin nan kaɗai muke da shi. Wani abokin aikin Abba ya ce in dai kayan lantarki ne, sabo ko tsoho, mu tafi Akihabara.

Na san sunan tun kafin ya faɗa. Ni da ƙawata ta makaranta mun sha kallon unguwar a waya lokacin cin abinci, shagunan anime, wato zanen katun na Japan, da na wasannin bidiyo hawa-hawa. Bayan littafin lissafina cike yake da zanen fuskoki masu manyan idanu, waɗanda Abba bai taɓa gani ba. Ban ce masa na san wurin ba.

Ana yayyafi muka fito daga tasha. Abin da waya ba ta nuna mini ba shi ne ƙara. Kowane shago da waƙar da yake yi, ga masu kiran ciniki da lasifika, ga ƙarar injinan wasa tana fitowa daga ƙofofi duk lokacin da suka buɗe. Fuskokin zane sun rufe benaye tun daga ƙasa har sama, ido ɗaya ya fi ƙofar gidanmu girma. A bakin titi 'yan mata sanye da gajerun riguna masu farin gaba suna miƙa takardun talla, kowace da lema mai haske kamar leda. Na lura ɗaya daga cikinsu tana ɗaga ƙafa ɗaya ta huta, sannan ta sauya ɗayar, murmushin bai bar fuskarta ba. Abba ya kafe idonsa a kan takalmansa, leɓensa na motsi.

"Hafsa, ki tsaya kusa da ni. Mu yi abin da ya kawo mu mu bar nan."

Mun fara da wani katafaren shago mai hawa tara. Abba ya zaci abin zai zama kamar a Kano, inda za ka miƙa wa mai gyara kayanka, ya ba ka benci, kafin ka gama shan lemo ya buɗe ya hura ya ɗaure. Saurayin da ya tare mu ya karɓi kyamarar da hannu biyu, ya juya ta, ya duba lambarta a kwamfuta, ya kira wani, shi ma ya kira wani. Daga ƙarshe na farkon ya giciye hannuwansa a ƙirji yana rusunawa. An daina gyara irinta da daɗewa. Abba ya ce a kira masa babbansu, aka kira, shi ma ya giciye hannu, sannan cikin ladabi ya nuna mana layin sababbin kyamarori. Haka muka shiga shago na biyu da na uku. Takalmina ya jiƙe, safata ta manne a yatsuna.

A wani lungu muka haɗu da mutumin da ya cinye mana yammacin. Yana tsaye a ƙofar shagonsa, Turancinsa tas, yana kiran Abba abokinsa. Ya kalli kyamarar sau ɗaya ya ce ai batir ne kawai ya mutu, in aka sa sabo murfin zai buɗe da kansa. Na san ba batir ba ne. In aka danna maɓalli jar fitila tana kamawa, har a ji wani ɗan gurnani a ciki, na gwada a gida ya fi sau goma. Na kuma ga kwalin batir ɗin da ya ɗauko an taɓa buɗe shi an liƙe da salatif. Maganar ta zo har bakina. Mutumin ya juyo ya yi mini murmushi, sai na sunkuyar da kai. Ya ce sai batir ɗin ya yi caji na awa ɗaya da rabi, kuma shi ba shi da wurin jonawa. Muka samu wani shagon shayi mai soket, muka zauna muna kallon ƙaramar fitila tana ƙiftawa. Abba ya yi gyangyaɗi. Da lokaci ya cika muka sa batir, jar fitila ta kama, aka yi gurnanin nan, murfi bai motsa ba. Muka koma wurin mutumin, ya nuna mana wata takarda a bango, Turancin nasa kuma ya ɓace gaba ɗaya.

Abba bai yi faɗa ba. Ya tsaya a bakin titi yana murza goshinsa, ya ce kansa na sarawa, la'asar na neman wucewa, kuma Allah ya gani mun yi iya ƙoƙarinmu. Ya ce Mama Rifkatu mai hankali ce, za ta fahimta. Na bi shi muka nufi tasha. Ina jin nauyin kyamarar yana bugun cikina a kowane taku.

Dab da tasha, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, na hango wata 'yar siririyar hanya da mutum biyu ba za su jera a cikinta ba. Ba waƙa a wurin, ba hotuna. Rumfuna ne a jere, kowace ba ta fi banɗakinmu faɗi ba, cike da ƙananan aljihunan katako da wayoyi da maɓallai da wasu abubuwa kamar ƙwayar gero masu ƙafafu. Warin dalma da ƙura ya tuna mini da shagon mai gyaran rediyo na ƙofar gidan kakata. Na kama hannun rigar Abba.

"Minti goma kawai, Abba."

Ya kalle ni, ina jin mamaki ya yi da ya ji muryata. Ya ce goma ɗin.

A rumfa ta kusan ƙarshe wani tsoho ne zaune, gilashin ƙara girma ɗaure a goshinsa, yana aiki a kan wata tsohuwar rediyo. A bayansa na ga kyamarori huɗu irin ta Mama a kan kanta, biyu a farke. Ban jira Abba ba, na kwance ɗankwalin na ajiye ta a gabansa. Bai kalli fuskata ba, ni ma ban kalli tasa ba, hakan ya yi mini daɗi. Ya danna maɓallin, ya kara ta a kunne, ya saurari gurnanin. Ya ture rediyon gefe, ya shimfiɗa wani farin ƙyalle, ya nuna mini wani akwatin roba in zauna.

Da Abba ya ga an fara kwance kusoshi sai ya ce zai koma babban shagon nan, ya ga alamar ɗakin salla a hawa na sama. Ya bar mini wayarsa don fassara, domin ita kaɗai ke da data. Ya ce ko ƙasa za ta tsage kada in motsa daga nan.

Tsohon yana cire kowace kusa ya jera ta a kan ƙyallen daidai gurbin da ta fito, har ƙyallen ya zama kamar taswirar kyamarar. Jirgi yakan wuce a samanmu, aljihunan katakon su yi rawa, shi kuwa hannunsa ba ya rawa. Can ya lura ina hura yatsuna, sai ya jawo wata 'yar leda ya murza ta ya miƙo mini ba tare da ya ɗago ba. Ta fara ɗumi a tafin hannuna. Na dunƙule ta, barci ya fara fizgata.

Ƙwanƙwasa teburin da ya yi ce ta farkar da ni. Ya cire gefen kyamarar, ya juyo mini da cikinta, ya ba ni gilashinsa. Zaren kaset ɗin ya fito daga gidansa ya naɗe a jikin wata 'yar taya ta roba, robar kuma ta narke ta zama baƙin danƙo ta riƙe shi. Inda ya naɗe ya cukurkuɗe ya tattare kamar tsumma. Tsohon ya yi magana a cikin wayar, ta fassara mini wani abu game da kogi da wuƙa. Ya sake, ta kawo wani shirmen. Sai ya jawo takarda ya zana kaset, ya zana zare, ya zana almakashi a wuri biyu. A gefe kuma ya zana kyamarar a rufe da kaset a ciki, ya ja kibiya zuwa gare ni. Na gane. Ko ya yanke wurin da ya lalace ya haɗa sauran, ko ya mayar da kusoshinsa in tafi da ita yadda na kawo ta.

Na tambaye shi da hannu, nawa za a yanke? Ya gwada daga gwiwar hannunsa zuwa kan yatsa, kamu ɗaya. Ya nuna mini siririn hannun agogonsa, ya bi shi da farce har ya yi taku ashirin. Sannan ya nuna agogon bango, ya ɗaga yatsu biyar, ya kwaikwayi jawo ƙofar rumfa. Saura minti arba'in, kuma aikin zai ci mafi yawansu.

Na kira Mama Rifkatu. A Birmingham safiya ce. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake, na kuma sakewa. Na kira Umma, a kashe, na tuna tana wurin aiki. Na leƙa bakin hanyar ko zan hango hular Abba, ban ga komai ba sai mutane riƙe da lema suna wucewa. A makaranta ko amsar da na sani ba na iya ɗaga hannu in faɗa, ga shi an ba ni kayan wata a ce in yanke hukunci.

Ina so tsohon ya san abin da ke hannunsa. Na karɓi fensirinsa, na zana tsohuwa zaune gaban talabijin da ɗankwali a kanta, a cikin talabijin ɗin na zana namiji, a gefe na zana kabari. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya cire gilashin daga goshinsa, ya goge, ya mayar. Ya sake duba cikin kyamarar, ya taɓa danƙon da bakin ɗan ƙarfe ya gwada ɗagawa a hankali, zaren ya fara miƙewa kamar zai tsinke. Ya janye hannunsa ya girgiza kai. A karo na farko ya dube ni ido cikin ido, yana jira.

Mama ta ce kaset ɗin take so ya fito. In na mayar da shi a haka, ba ta da ko daƙiƙa ɗaya. Na gyaɗa kai.

Ƙarar almakashin ba ta kai ta yankan farce ba. Sau biyu. Ya zaro kaset ɗin, ya daidaita bakunan zaren a kan wani ɗan ƙarfe mai kwari, ya liƙe su da wani siririn salatif, ya murza har zaren ya koma ciki. Guntun da ya yanke ya ɓanɓare shi daga jikin robar a hankali, ya sa a ƙaramin ambulan, ya miƙo mini da hannu biyu. Kyamarar kuwa ya giciye yatsu a kanta, ta gama aiki. Ya zuba kusoshinta a leda ya haɗa mini.

Yana jawo ƙofar rumfa Abba ya iso yana haki, ya ɓata hanya ne tsakanin benayen. Da ya ga kaset a hannuna fuskarsa ta washe, ya yi ta yi wa tsohon godiya da Hausa da Turanci, har ya gwada rusunawa irin tasu. A jirgin komawa otal na nuna masa ambulan ɗin na gaya masa abin da ya faru. Ya ce daƙiƙa ashirin a cikin awa guda ba komai ba ne, ba za ta ma lura ba, kada in tayar wa baiwar Allah hankali. Sai a lokacin na tuna ban shiga shagon anime ko ɗaya ba. Na nemi baƙin cikin hakan a raina ban samu ba, gajiya ta cinye wurin.

Mun sauka Manchester ranar Asabar, Litinin na koma makaranta. Na yi barci a ajin kimiyya har malama ta taɓa kafaɗata. Ƙawata ta makaranta ta tambaye ni me na sayo, na ba ta alewar nan biyu, ta ce wasa nake yi. Abba ya kai kaset ɗin wani shago a titin Stockport aka kwafe shi a filash. Ambulan ɗin yana aljihun rigar sanyina duk satin, in na sa hannu in ji shi.

Asabar ta gaba muka hau mota zuwa Birmingham, ni da Abba. Mama Rifkatu ta tare mu a ƙofa, gidan na ƙamshin shinkafa da miyar gyaɗa. Ta ce ta ga kira uku daga baya, wayar tana cikin jakar coci. Ta karɓi kaset ɗin ta juya shi gaba da baya, ta kalle ni ta ce, "Na faɗa ai. Da Dokta na ba, da yanzu tana yawo a jirgin wata ƙasa." Abba ya yi dariya. Ta ce abinci ya jira, a fara sa mata.

Hoton ya fito da launi mai ɗan ja. Tsakar gida ce, ga bishiyar mangwaro, ga mata a bakin murhu, yara sanye da sababbin kaya suna tururuwa gaban kyamara. Mama tana ciki, siririya, tana kare fuska da faifai. Muryar namiji tana fitowa daga kusa sosai, tana tsokanar kowa, tana dariya, amma ba a ganin mai ita. Sai na gane Baba Ishaya ne ke riƙe da kyamarar. Mama ta matso bakin kujera. Leɓenta na faɗin kowace magana kafin a faɗe ta a talabijin.

Wajen rabin kaset ɗin wani mutum ya nufo kyamarar yana cewa, kawo nan, kai ma a ɗauke ka. Mama ta dafa gwiwata.

"Yanzu za ki gan shi, ƙawata. Nan kaɗai ya fito."

Hoton ya girgiza, aka ga sama, aka ga ganyen mangwaro, aka ga gefen wata hula. Wani farin layi ya gilma. Sai ga mutane zaune a tabarma suna cin abinci, muryar nan ta koma bayan kyamara tana tambaya wa ya cinye hantar.

Mama ta ɗauki rimot ta mayar baya. Sama, ganye, gefen hula, farin layi, tabarma. Ta sake mayarwa. A karo na uku ta tsayar da hoton a kan hular.

"Dokta, mai shagon nan bai kwafe duka ba."

Abba ya gyara murya ya fara cewa wataƙila injinsu ne, zai koma ya yi musu magana. Ban san lokacin da na tashi ba. Na je inda na rataye rigar sanyina na ɗauko ambulan ɗin, na durƙusa a gabanta na ajiye mata a cinya. Na gaya mata komai, da danƙon, da agogon bango, da kiran da ba a ɗauka ba. Na ce ba mai shago ba ne, ba Abba ba ne, ni aka tambaya, ni na ce a yanke. 

Ta buɗe ambulan ɗin ta zaro guntun zaren, baƙi, a tattare. Ta ɗaga shi wajen hasken taga ta daɗe tana dubawa, kamar za ta hango wani abu a jikinsa.

"Nan nake mayarwa kullum," ta ce a hankali. "In ya wuce in dawo da shi, in ya wuce in dawo da shi. Ni na cinye wurin, ba ke ba."

Abba ya tashi ya ce bari ya duba miyar kada ta kama. Muka rage mu biyu, da gefen hula a tsaye a talabijin. Ba ta yi kuka ba. Ta shimfiɗa zaren a kan gwiwarta tana lallashe shi da yatsa, yana sake tattarewa. Na saba zama kusa da ita shiru, amma wannan shirun ban iya ɗaukarsa ba. Na matsa na jingina da ƙafarta.

"Mama, ni ban taɓa ganinsa ba," na ce. "Ki faɗa mini tun daga inda aka karɓi kyamarar. Wace riga ce a jikinsa, ina ya kalla, me ya ce. Ki bi a hankali, kada ki tsallake komai."